Tulu a Kafaɗar Dattijo

Duk wanda ya bi ta tashar jirgin Kafanchan da la'asar a bazarar nan ya ga abin da idonsa: dattijo mai furfura, sanye da takalman soja da suka fi ƙarfin ƙafarsa, da tulu cike da ruwa a kafaɗa, yana hawa matakalar ɗakin sigina yana saukowa. In ya kai sama sai ya dafa ƙarfe ya tsaya, baki a buɗe, ruwa na tsiyaya ta wuyan rigarsa. Can sai ya juyo ya fara gangarowa a karkace, yana lallaɓa gwiwar hagu.

"Baba Andrawus, ga-ruwa ka koma bayan ritaya?" in ji wani mai gyaran layin dogo da ke wucewa da guduma a kafaɗa.

Andrawus ya ci gaba da gangarowa abinsa. Ba fushi ya yi ba, numfashin da zai amsa da shi ne babu.

A wannan ɗakin ya yi aiki tun yana saurayi, yana jan ƙarafan da ke buɗe wa jirgi hanya ko su tsayar da shi, na Jos ne, na Inugu ne, ko na Kaduna. Tagar ɗakin kuwa tana fuskantar Dutsen Kagoro. Ya ga dutsen nan kore shar da damina, ya gan shi a ƙone da rani, ya ga hadari na zama a kansa kafin ya iso gari, amma ko sau ɗaya bai taɓa taka shi ba. Mahaifinsa na cikin waɗanda suka fara saukowa daga can suka bi Turawan mishan, kuma ya sauko ne da alkawarin cewa jininsa ba zai sake komawa ba. Haka Andrawus ya tashi, ya yi aure, ya yi furfura, dutsen na gefensa kamar maƙwabcin da ba a gaisawa da shi.

Sai ga Zamani, ɗansa namiji tilo, malamin makaranta, ya rasa wadda zai so duk faɗin Kafanchan sai Afiniki. Yarinyar ba ta da abin kushewa. Nas ce a asibiti, mai bi ce, muryarta ce ke jan waƙa a majami'a ran Lahadi. Abu ɗaya ne: mahaifinta Kumai yana can bisa dutse a ƙauyen kakanninsa, bai sauko ba, ba shi kuma da niyya. Andrawus ya yi abin da mutanen gari ke yi, ya aika dattawa biyu da akuya da gishiri da lemun kwalba. Kumai ya karɓe su hannu bibbiyu, ya ciyar da su, ya ɗora musu kayansu suka sauko da su, har da akuyar. Saƙon da ya ba su gajere ne.

"Uban yaron yana da rai? Yana da ƙafa? To, ya hawo. A gidan nan uban yaro ne ke kawo tulun farko a kafaɗarsa. In na sha, na ba da 'ya. Ku ce masa kuma ya zo kafin ruwan farko, don in ruwa ya sauka ni manomi ne, ba na zaman magana."

Ba sai an tambayi abin da ke cikin tulun farko ba. Giya ce, ta dawa, wadda kowa ke kira burkutu.

Shi kuwa Andrawus dattijon ikkilisiya ne, kuma dokar a fili take. Wanda ya sha, ko ya saya, ko ya ɗauka, horo ne. A karanta sunansa gaban jama'a, a hana shi Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da masu bi ke tarayya a kai, ya koma bencin baya kusa da ƙofa, inda masu latti da masu jarirai ke zama. In dattijo ne, kujerarsa ta tafi ke nan. Da bakinsa Andrawus ya sha karanta sunayen wasu, a tsaye, da tabarau a karan hanci. Tun da aka sallame shi daga reluwe kuwa, kujerar nan ce kaɗai ta rage masa a duniya inda har yanzu ake jira ya iso kafin a fara. Yana son ta, kuma bai taɓa jin kunyar son ta ba.

Afiniki ta ce ba za ta yi aure ba sai mahaifinta ya sha. Zamani bai roƙi ubansa ba, kuma wannan ya fi roƙon ciwo. Ya dai rage magana, ya rage cin abinci, yana dawowa daga makaranta ya gaishe shi cikin ladabi ya shige ɗaki. Shi ya sa Andrawus ya sayi takalman soja a gwanjon da ya cika kasuwa bayan yaƙin basasa, ya ari tulu, ya nufi matakalar da ya sani. Abin da za a zuba a tulun bai sani ba tukuna. Ya dai san ko me aka zuba, ƙafa ce za ta kai shi.

Da yammacin ranar da mai gudumar ya tsokane shi, ya dawo gida yana jan ƙafa, ya zube a kujerar katako ƙarƙashin mangwaro. Zafi ya hana ko ganye motsi. Matarsa Emilia ta fito da ruwan zafi a kwano da man kaɗe, ta durƙusa ta fara kwance igiyar takalman. Da ta zare na dama ta ga yadda diddigensa ya sale, sai ta ajiye takalmin a hankali, irin ajiyewar da ya san magana na biye da ita.

"Baban Zamani, kai dutse za ka hau ko yaƙi za ka?"

"An ce akwai ƙaya da macizai."

"Macijin da zai sare ka ai sai ya yi sauri, kafin takalmin nan ya gama da kai." Ta matsa tsumma mai zafi a gwiwarsa, ya ja iska ta haƙora. "Kullum ka ɗauki ruwa ka hau, ka sauko da shi. Gari duk ana dariya. Ruwan za ka kai wa Kumai?"

"Ban sani ba, Maman Zamani. Na gaji. In na kwanta ina tunani, in na tashi ina tunani. In na ɗauki abin nan, na zubar da abin da na tara tun ina yaro. In ban ɗauka ba, ga yaronki can a ɗaki kamar wanda aka yi wa rasuwa."

Emilia ta daɗe tana shafa man kaɗe ba ta ɗago ba. Ita ce ke jan ragamar zumuntar mata, kuma duk unguwar reluwe an san in ta yi irin wannan shirun, akwai abin da take ƙullawa.

"Kumai cewa ya yi tulu," in ji ta. "To, a kai masa tulu. Zan dama kunu, na dawa mai kyau, da tsiro. Wa ya taɓa shiga horo saboda kunu?"

"In ya ɗanɗana ya tofar fa?"

"Kai dai ka kai. Ɗanɗanon ka bar mini."

Da Andrawus yana da sauran ƙarfi a jikinsa a yammacin nan, da ya tsaya ya juya wannan magana ta ƙarshe. Amma mutumin da ya yi makonni yana neman ƙofa ba ya tsayawa duba ƙyaurenta. Ya ji wani sanyi ya sauko masa a ƙirji, har ya ci tuwo ya nemi ƙari.

Washegari ya kai wa Fasto Bartholomew maganar. Fasto ƙaninsa ne a shekaru, mutum mai saurin murna, wanda shi ma al'amarin ya hana shi sakat, don ba ya son ranar da zai karanta sunan Andrawus. Ya miƙe tsaye ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Baba Dattijo, wannan daga Ubangiji ne! Kunu! Me ya sa ba mu yi tunaninsa ba tun farko?"

Da Fasto ya tsaya nan, da an huta. Amma ran Lahadi sai ga maganar a cikin wa'azi. Ya nuna Andrawus da hannu a kujerarsa ta gaba, ya ce ga dattijon da zai hau dutse da tsufansa ya nuna wa mutanen bisa cewa mai bi na iya neman aure ba tare da ya ƙazantar da hannunsa ba. Jama'a suka amsa da amin mai ƙarfi, mata suka yi guɗa. Fasto ya ƙara da cewa shi da kansa zai kai su gindin dutsen da motar mishan ran Asabar, ya sa wa tulun albarka. Andrawus ya sunkuyar da kai. Ta gefen ido ya hango Zamani a cikin samari, bai ɗaga murya da amin ɗin ba.

A makon nan gidan ya koma na shiri. Tun kafin Lahadin Emilia ta jiƙa dawa ta shimfiɗa a buhu, tana yayyafa mata ruwa safe da yamma har ta yi tsiro, ta shanya, ta kai niƙa. Afiniki kuma ta zo da yamma bayan ta tashi daga aiki, da farar rigarta ta asibiti, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi. Ta kama tsintsiyar hannunsa tana duban agogon da ke maƙale a ƙirjinta, ta sa ya buɗe baki, ta latsa gwiwar da yatsa.

"Baba, za ka iya," ta ce, "amma sai ka ji maganata. Za mu tashi tun rana ba ta fito ba, don in ta kai tsaka duwatsun na ƙona tafin ƙafa. Kada ka cika ciki da safe, ɗan dafaffen gwaza ya isa. Ruwa kuma kurɓa-kurɓa, ba a kafa kai. In ka gaji, kada ka jira sai ka faɗi, ka ce mu tsaya."

"Akwai wurin da ake hawa da hannu, haka ne?"

"Akwai, wajen ƙarshe. A nan za ka miƙa wa Zamani tulun ya riƙe har ka haye, babana ba zai ce komai ba, kowa haka yake yi. Amma daga nan har ƙofar gida, kafaɗarka ce." Ta dubi takalman sojan da ke jingine da bango, ta danne murmushi. "Waɗannan kuma, Baba, a bar su su huta. Ba ka da wanda ya saba da ƙafarka?"

Akwai wani tsohon takalmin taya da yake zuwa gona da shi. Andrawus ya ce ina aka taɓa ganin dattijo ya je gaban suruki da takalmin taya. Afiniki ta ce mahaifinta ba ya duban ƙafar baƙo sai dai ya ga ko ƙafar ce ta kawo shi. Andrawus ya dubi yarinyar nan, yadda take naɗe masa gwiwa da bandeji tana nuna wa Emilia yadda za ta yi ran Asabar, sai ya ji tausayin ɗansa ya kama shi sabo. Shi ma da yana saurayi aka ce ya haƙura da irin wannan, da ba zai ci tuwo ba.

Ran Laraba ya dawo daga matakala ya tarar da wani tulu a tsakar gida, ba wanda yake ɗauka ba. Tsoho ne, baƙi ƙirin, bakinsa ya ɗan guntule.

"Wannan fa?"

"Na Asibi ne, na aro," in ji Emilia, tana tace gasara ba ta waiwayo ba.

Asibi tana bayan layin dogo, kuma duk Kafanchan an san sana'arta ta dafa burkutu. Ma'aikatan reluwe can suke ƙarewa ranar da aka yi albashi.

"Duk tulunan garin nan sai na Asibi?"

"Sabon tulu yana tsotse ruwa, yana sa wa kunu warin ƙasa. Wannan ya gama shan abin da zai sha, kuma ya fi naka rashin nauyi. Ɗaga ka ji."

Ya ɗaga. Gaskiya ne, ya fi rashin nauyi. Ya so ya tambaya ko an wanke cikinsa, ya so kuma ya tambayi dalilin dama kunun Asabar tun ran Laraba, a wannan zafin da ko miya ba ta kwana. Tambayoyin suka zo har bakinsa. Amma bayansa na ciwo, gwiwa na zugi, ga kujera ƙarƙashin mangwaro tana jiransa. Ya ajiye tulun ya je ya zauna. Emilia ta dafa abinta, ta bar shi ya huce, ta juye a tulun, ta rufe bakin da ganyen ayaba ta ɗaure tam da igiya, ta kai shi ɗakin girki ta ja ƙofa. Daga ranar Andrawus bai ƙara bi ta ƙofar ɗakin girkin ba, ko da kuwa ita ce hanya mafi kusa zuwa bayan gida.

Ran Juma'a bai je tasha ba, Afiniki ta ce a bar jiki ya huta. Ya wuni yana tattara ɗan abin da zai tafi da shi yana sake warwarewa: sandar gora, gorar ruwa, soyayyiyar gyaɗa a ƙullin tsumma, ƙwayoyin hawan jini, farar riga da Emilia ta goge. Ya sa Littafi Mai Tsarki a jaka, ya ɗaga ya ji nauyi, ya cire, ya sake mayarwa. Can gabas hadari ya haɗu a kan dutsen, ya yi baƙi, ya yi ta ruri har kaji suka shige akurki, sa'an nan iska ta watsa shi ba ko ɗigo. Zamani ya fito ya tsaya yana kallon sama har hadarin ya baje.

"Gobe ne dai, Baba," ya ce.

"Gobe ne, in Ubangiji ya kai mu."

Gari bai gama wayewa ba motar mishan ta tsaya a ƙofar gida, tsohuwar a-kori-kura mai tari kafin ta tashi. Fasto na tuƙi, Andrawus a gefensa. Emilia da Zamani da Afiniki suka hau baya, tulun na tsakanin ƙafafun Emilia. Hanyar Kagoro ba ta da nisa, amma bayan an bar kwalta ramuka suka karɓe su, motar na tsalle tana jijjiga duk abin da ke cikinta. Fasto na rera waƙar yabo yana buga sitiyari. Andrawus na kallon dutsen yana girma a gilashi, har ya cika shi, har sai ya sunkuya kafin ya ga ƙarshensa. Daga tagar ɗakin sigina bai taɓa kai haka ba.

Suka tsaya inda hanyar mota ta ƙare, gefen wata gona da aka share ana jiran ruwa. Zamani ya sauko da tulun ya ajiye a ƙasa, suka kewaye shi. Fasto ya cire hularsa, ya ce a rufe ido.

A cikin shirun da ke zuwa kafin addu'a ne aka ji shi. Wani ɗan sauti ne siriri daga ƙarƙashin ganyen ayaba, tsss, ya tsaya, ya sake. Andrawus ya buɗe ido ɗaya. Ganyen ya kumbura ya yi tsini, farar kumfa na fitowa ta gefen igiya tana gangarowa a baƙin cikin tulun. Sai warin ya iso, mai tsami, mai ɗumi, warin da ke tashi daga bayan layin dogo kowane ƙarshen wata.

Ba wanda ya motsa. Emilia ta runtse ido gam, ta haɗa hannuwa, ba a taɓa ganin mai addu'a da himma irin tata ba. Zamani ya kafa wa ƙasa ido. Fasto Bartholomew kuwa hannunsa na miƙe a kan tulun, bai kai ga taɓawa ba. Ɗan ƙauye ne shi ma, a gindin irin wannan tukunyar ya yi rarrafe, ba ya bukatar a gaya masa. Ya yi gyaran murya, ya yi addu'arsa, gajeriya, a kan ƙafafun masu tafiya da zuciyar masu karɓa, bai ambaci tulu ba ko sau ɗaya. Da aka ce amin ya mayar da hularsa, ya dubi can wani wuri sama da kan Andrawus.

"Zafin bana ba dama, komai sai ya yi tsami," ya ce da sauƙin murya. "Kunu ne dai, ko, Baba Dattijo?"

Ba a taɓa shimfiɗa wa mutum hanya mai laushi kamar wannan ba. Ko magana ba a nema, ɗaga kai kawai. Fasto na so, Emilia na so, yaran na so. Kumai zai sha ya ba da 'ya, gobe Andrawus ya zauna a kujerarsa, a kira shi ya ba da shaida, mata su yi guɗa. Ya ga kansa a tsaye gaban jama'a da tabarau a hanci yana ba da labarin kunu, wannan Lahadin, da ta gaba, da ranar ɗaurin aure, da duk ranar da wani saurayi zai so 'yar bisa dutse a ce masa ya yi koyi da Dattijo Andrawus. Tun bai fara ba ya ji gajiyar abin ta sauko masa a kafaɗu, ta fi ta matakala.

"Giya ce, Fasto," ya ce.

Emilia ta buɗe ido. "Baban Zamani!"

"Giya ce. Tun ran Laraba na sani, na ƙi dubawa ne kawai."

Fasto ya sauke numfashi mai tsawo. Murnar nan tasa duk ta zube, sai ga shi shi ma mutum ne mai gajiya, wanda ya tashi da asuba ya tura mota kafin ta tashi.

"Da ka yi shiru, Baba."

"Ka tambaye ni."

"Ai ba tambaya na yi ba." Ya shafa fuskarsa da tafin hannu. "Yanzu ka ɗaure ni. Gobe dole in karanta."

"Na sani. Ban ce kada ka karanta ba. Ka gan ni nan, tulu ɗaya ma da ƙyar zan kai shi. Ba ni da ƙarfin da zan haɗa da wani kayan."

"Ni na dafa," in ji Emilia, rabi kuka rabi faɗa. "In karatu ne a karanta da ni. Mutum ka yi masa hanya, ya sa ƙafa ya rushe!"

"Ni aka tambaya, Maman Zamani. Ki koma gida, ki ɗora mini ruwan zafi da yamma."

Ya durƙusa da ƙyar ya kama wuyan tulun. Fasto ya miƙo hannu zai taya shi, sai ya tuna, ya mayar da hannun aljihu. Emilia ce ta share ido da gefen zane, ta tallabo gindin tulun ta ɗora masa a kafaɗa, ta gyara masa tsumman da ke ƙarƙashi da ɗan ƙarfin da ya wuce bukata. Zamani ya buɗe baki zai yi magana, uban ya girgiza masa kai.

Afiniki ta shige gaba, Andrawus na bin ta, Zamani a baya da jaka. Sun ɗan yi nisa suka ji motar ta yi tarinta ta tashi, ƙararta na raguwa har ta ɓace. Bai waiwaya ba, tulun ba zai bar shi ba.

Hanyar ta bi ta cikin kunyoyin bara, ta ratsa wani busasshen rafi, ta fara tashi a hankali tsakanin duwatsu da ciyawar da wuta ta cinye. Tulun na ta tsaki a kunnensa, kumfa na jiƙa farar rigar da aka goge. Rana ta ɓullo ta bayan dutsen ta same su. Ya yi tafiya har numfashinsa ya koma fito, har gwiwar hagu ta daina zugi ta koma wuta, har ya daina tunanin gobe, da Fasto, da komai, sai inda zai sa ƙafa ta gaba. Da ya ga idonsa ya fara duhu, ya tuna maganar yarinyar.

"Mu tsaya," ya ce.

Zamani ya sauke masa tulun a kan wani faffaɗan dutse. Andrawus ya zauna, ya kurɓi ruwa, ya jira ƙirjinsa ya lafa. Can ƙasa yana iya hango rufin kwanon Kagoro suna ƙyalli, ya ji daɗi a ransa, lallai an yi nisa.

"'Yata," ya ce, "mun yi rabi?"

Afiniki ta dubi Zamani. Zamani ya dubi takalminsa.

"Baba," ta ce a hankali, "wannan hanyar gona ce. Dutsen daga bayan itacen can yake farawa."

Andrawus ya ɗaga kai ya bi yatsanta da kallo, ya wuce itacen, ya yi sama, ya yi sama, har wuyansa ya ƙage. Ya daɗe a haka. Sa'an nan ya dafa sandarsa ya miƙe, ya juya wa ɗansa kafaɗa.

"To," ya ce. "Ɗora mini."